Jirgin fasinja da matuƙi ɗaya: dalilin da ya sa Turai ta taka birki, da abin da ke jiran matuƙan gobe

A kowane jirgin fasinja da ke tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, ko Jidda ya nufa, ko Lome, ko Istanbul, mutum biyu ne aƙalla ke zaune a ɗakin tuƙi: kwamandan jirgi a kujerar hagu, mataimakinsa a ta dama. Shekaru da dama ke nan wasu kamfanonin ƙera jirage da na jigilar fasinja suna tambaya ko lokaci bai yi ba da za a rage su zuwa mutum ɗaya, tun da na'urori sun karɓe aiki mai yawa. A shekarar 2025 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta fitar da sakamakon binciken da ta sa aka yi a kan batun. Abin da binciken ya ce shi ne, da irin ɗakin tuƙin da ake da shi a yau, ba a iya tabbatar da cewa matuƙi ɗaya zai ba da kariya daidai da ta matuƙa biyu ba.

Wannan bai kashe maganar ba, jinkirta ta kawai ya yi. Kuma magana ce da ta shafi dubban mahajjatan da ke tashi daga Nijar duk shekara, da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram masu zuwa Dubai da Sin, da ɗaliban da ke karatu a Maroko ko Turkiyya, har da matasan da ke mafarkin zama matuƙa.

Daga mutum biyar zuwa biyu

Ba yau aka fara rage ma'aikatan ɗakin tuƙi ba. A shekarun 1950, babban jirgin da ke tsallaka teku yakan ɗauki mutum biyar a gaba: matuƙa biyu, da mai kula da injina, da mai lissafin hanya wanda a wasu lokuta da taurari yake aiki, da mai rediyo. Da rediyo ya sauƙaƙa, matuƙa suka riƙa magana da ƙasa da kansu, mai rediyo ya fita. Da aka samu na'urorin da ke nuna wa jirgi inda yake, mai lissafin hanya ya bi shi. A farkon shekarun 1980 kuma, jirage irin su Boeing 767 da Airbus A310 suka fito da ɗakin tuƙi na mutum biyu, kwamfuta ta ɗauki aikin mai kula da injina.

A lokacin da za a cire mutum na uku an yi ta ce-ce-ku-ce, ƙungiyoyin matuƙa suka ce rayuka za su salwanta. Amma a shekarun da suka biyo baya haɗurra raguwa suka yi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙidaya tashi sama da miliyan 40 a shekarar 2024, kuma bakwai ne kawai daga ciki suka ƙare da haɗarin da aka rasa rai. Wannan tarihi shi ne babbar hujjar masu son a sake ragewa: an yi sau uku ba a ga illa ba, me zai hana na huɗu?

Masu adawa da shirin suna da amsa. Waɗanda aka cire a baya, kowannensu aiki guda yake yi wanda na'ura za ta iya maimaitawa: lissafi, ko lura da ma'auni, ko isar da saƙo. Matuƙi na biyu kuwa aikinsa shi ne sa ido kan na farko, ya gyara masa kuskure, ya karɓi jirgi idan ya kasa.

Abin da na'ura ke yi a yau

Na'urar da ke riƙe jirgi da kanta ta haura shekara ɗari. A 1914 wani Ba'amurke mai suna Lawrence Sperry ya nuna ta a kusa da birnin Paris, ya saki sitiyari jirgin yana tafiya. Tun shekarun 1960 ake da jiragen da ke iya sauka da kansu cikin hazo. A 1988 Airbus A320 ya fara ɗaukar fasinja da wani sabon tsari: matuƙi yana motsa ƴar sanda, kwamfuta ce ke karɓar umarnin ta juya fukafukai, kuma a yanayin da komai ke aiki daidai ba ta barin ya karkatar da jirgin fiye da iyaka.

A tafiya ta yau da kullum, matuƙi da hannunsa yake tayar da jirgi. Bayan ƴan mintoci sai ya kunna na'urar tuƙi, ita ce za ta bi hanyar da aka shigar mata har a kusa sauka. Yawancin sauka ma da hannu ake yi, domin sauka ta na'ura tana buƙatar kayan aiki na musamman a filin jirgi, waɗanda filaye da yawa, musamman a Afirka, ba su da su. Wato a tafiyar awa biyar ko shida, mintocin da matuƙi ke riƙe da sitiyari ba su da yawa.

Sauran lokacin ba zaman banza ba ne. Matuƙan suna lissafin mai, suna duba hadari a allon radar don su kauce masa, suna magana da masu ba jirage hanya na kowace ƙasa da aka ratsa, suna riƙe da sunan filin da za a sauka a kowane lokaci idan inji ya mutu ko fasinja ya faɗi rashin lafiya. Kafin a tashi ma, kwamanda ne ke sa hannu cewa ya amince da lafiyar jirgin, da nauyin kayan da aka loda, da yawan man da aka zuba. A doka, shi ne mai magana ta ƙarshe.

Gaskiya ne kuma na'urori sun ceci rayuka masu yawa. Akwai wadda ke ihu idan jirgi ya kusanci dutse ko ƙasa. Akwai wadda ke hana jirage biyu karo a sama, ta ce wa ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. A watan Yulin 2002, a sararin Überlingen da ke kudancin Jamus, jirage biyu sun yi karo, mutum 71 suka mutu, bayan da matuƙan ɗayan suka bi umarnin mai ba da hanya suka bar na na'urar. Tun daga nan ƙa'ida ta fito fili: a irin wannan hali, maganar na'ura ake bi.

Me kamfanoni ke nema?

Tsari biyu ne aka tattauna. Na farko ya shafi doguwar tafiya. A yau, jirgin da zai yi awa goma ko fiye yana ɗaukar matuƙa uku ko huɗu, suna karɓa-karɓa, ta yadda kullum biyu na kan kujera. Abin da aka nema shi ne a bar biyu kawai: su tashi tare, su sauka tare, amma a tsakiyar tafiya ɗaya ya je ya kwanta, ɗaya ya zauna shi kaɗai. Na biyu ya fi nisa: matuƙi ɗaya tun daga tashi har sauka, wataƙila da wani a ƙasa yana sa ido ta tauraron ɗan Adam.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Albashin matuƙa, da horonsu, da masaukinsu kuɗi ne masu yawa, a sana'ar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Sannan ga ƙarancin matuƙan. Kamfanin Boeing, a hasashen da yake fitarwa duk shekara, yana cewa duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekaru 20 masu zuwa, sama da 20,000 daga cikinsu a Afirka. Dokar hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a ƙasashen renon Faransa aka fi sani da OACI, ta tsayar da shekara 65 a matsayin iyakar tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe, don haka tsofaffi na fita kowace shekara.

Ta fannin fasaha ma an yi nisa. A ƙarshen 2019 Airbus ya gwada wani A350 da ya tashi da kansa a Toulouse, yana ganin titin jirgi da kyamara. A 2023 ya sanar da wani gwajin, inda jirgi ke zaɓar filin sauka da kansa ya nufe shi idan matuƙa suka kasa. A ƙananan jirage kuwa, tun 2020 hukumomin Amurka suka amince da wata na'ura ta kamfanin Garmin: idan matuƙi ya suma, fasinja ya danna maɓalli ɗaya, jirgin ya nemi fili, ya sanar da hasumiya, ya sauka.

Ranar da na'ura ta saki jirgi

Matsalar ita ce na'ura tana aiki ne da abin da ma'aunanta suka faɗa mata. Idan ma'auni ya yi ƙarya, ko dai ta bi ƙaryar, ko ta kashe kanta ta miƙa wa mutum jirgin, sau da yawa a mafi munin lokaci.

A daren 1 ga Yunin 2009, jirgin Air France mai lamba 447 yana kan hanyarsa daga Rio zuwa Paris. Ƙanƙara ta toshe ƴan bututun da ke auna gudu, na'urar tuƙi ta kashe kanta. Matsalar ma'aunin ba ta kai minti ɗaya ba, injina kuma lafiyarsu lau. Amma matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ɗaga hancinsa sama har gudu ya ƙare, iska ta daina ɗaukar fukafukai. Cikin minti uku da rabi jirgin ya faɗo teku, mutum 228 suka rasu. Masu binciken Faransa sun nuna cewa matuƙan ba su samu horon tuƙa jirgi da hannu a can sama cikin irin wannan ruɗani ba.

Makamancin haka ya faru a Sahel. A ranar 24 ga Yulin 2014, jirgin da ke yi wa Air Algérie aiki ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas cikin damina. Yana kewaye hadari sai ƙanƙara ta toshe ma'aunin ƙarfin injina, kuma ba a kunna na'urar narkar da ita ba. Kwamfuta ta ɗauka injinan suna ba da ƙarfi isasshe alhali ba haka ba ne. Gudu ya riƙa raguwa, na'urar tuƙi kuma tana ƙara ɗaga hanci don kada jirgin ya sauko, har ya kasa. Ya faɗi kusa da Gossi a arewacin Mali, da mutum 116.

Sai kuma Boeing 737 MAX. An saka masa wata manhaja da ke danna hancin jirgi ƙasa da kanta, tana dogara da ma'auni guda ɗaya, kuma ba a yi wa matuƙa bayaninta yadda ya kamata ba. Jirgin Lion Air ya faɗi a Indonesiya a watan Oktoban 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines ya faɗi bayan tashi daga Addis Ababa a ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157. An dakatar da samfurin a duniya baki ɗaya, a Amurka har tsawon wata 20.

Waɗannan haɗurra sun nuna wani abu da masana suka daɗe suna faɗa. Gwargwadon yadda na'ura ta ƙware, gwargwadon yadda hannun matuƙi ke mantuwa, alhali aikin da aka bar masa shi ne mafi wuya: ya karɓi jirgi cikin daƙiƙa kaɗan a halin da na'urar da kanta ta gaza.

Ranar da mutane suka cece shi

A ranar 15 ga Janairun 2009, wani A320 ya tashi daga New York, ya ci karo da garken dinya, injina biyu suka mutu. Kwamanda Chesley Sullenberger ya karɓi tuƙi, mataimakinsa Jeffrey Skiles ya shiga ƙoƙarin sake tayar da injina. Cikin ƙasa da minti huɗu kwamandan ya yanke cewa ba za su kai kowane fili ba, ya sauke jirgin a kan kogin Hudson. Duka mutum 155 sun tsira. Babu wata manhaja da aka rubuta mata cewa kogi ma wurin sauka ne, kuma da mutum ɗaya ne da sai ya zaɓa tsakanin tuƙi da bin takardar gyara.

A watan Nuwamban 2010, injin wani A380 na kamfanin Qantas ya fashe bayan tashi daga Singafo, ɓaraguzai suka huda fiffike suka tsinka wayoyi. Kwamfuta ta jero saƙonnin matsala gommai, wasu na karo da wasu. An yi sa'a a ranar matuƙa biyar ne a ɗakin. Sun kwashe kusan awa ɗaya suna tantance abin da ke aiki da wanda ya mutu, sannan suka sauka da mutum 469 lafiya.

Idan matuƙin ne ya faɗi fa?

Matuƙi ɗan Adam ne, yana ciwo, yana gyangyaɗi, yana buƙatar ban ɗaki. A watan Oktoban 2024 kwamandan wani jirgin Turkish Airlines ya rasu a sama tsakanin Seattle da Istanbul, abokan aikinsa suka sauke jirgin a New York. A ranar 17 ga Fabrairun 2024, a jirgin Lufthansa da ke zuwa Sevilla daga Frankfurt da fasinja 199, kwamanda ya fita ban ɗaki, mataimakinsa ya suma shi kaɗai a bayan ƙofa mai kulle. Kimanin minti goma jirgin ya yi babu mai lura da shi. Na'urar tuƙi ta riƙe shi daidai, daga baya kwamandan ya samu shiga ya sauka a Madrid.

Kowane ɓangare ya ɗauki wannan labari a matsayin hujjarsa. Masu goyon bayan na'ura suka ce ga shi ta riƙe jirgi babu kowa. Ƙungiyoyin matuƙa na Amurka da Turai da na duniya, waɗanda suka haɗa kai tun 2023 don yaƙar shirin, suka ce ai mutum na biyu ne ya sauke shi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙin Germanwings ya kulle kwamandansa a waje, ya kai jirgin ya buga da duwatsun Faransa da gangan, mutum 150 suka mutu. Duk tsarin da zai bar mutum ɗaya shi kaɗai na awoyi dole ya amsa tambayar wa zai hana shi.

Irin waɗannan tambayoyi ne binciken EASA ya tsaya a kansu: yadda za a gane nan take cewa matuƙi ya suma, yadda za a magance gajiya da barci ga mai zaman kaɗaici, tsawon lokacin da wanda aka tasa daga barci ke ɗauka kafin hankalinsa ya dawo, wa zai riƙe jirgi idan ya fita biyan buƙata, da abin da zai maye gurbin idon abokin aiki. Ba a samu gamsassun amsoshi ba. Hukumar ta karkata zuwa ga inganta na'urorin ɗakin tuƙi tukuna, a gwada su da matuƙa biyu a zaune, a ga abin da za su haifar.

Ba a ce mutum biyu ba sa kuskure ba. A watan Janairun 2024, matuƙan wani jirgin Batik Air a Indonesiya sun yi barci su duka biyu na tsawon minti 28. Amma darasin da sana'ar ta koya da tsada shi ne biyu sun fi ɗaya matuƙar na ƙasa zai iya buɗe baki. A Tenerife, a 1977, jirage biyu samfurin 747 sun yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, bayan da wani babban kwamanda ya fara tashi ba tare da cikakken izini ba, na ƙasa da shi kuma ba su dage wajen tsayar da shi ba. Daga nan aka shigo da horo na musamman da ke koya wa mataimaki ya ce wa kwamanda ya yi kuskure, a koya wa kwamandan ya saurara. A al'ummar da yaro ke jin nauyin gyara wa babba magana, wannan darasi ne da matashin da ke son sana'ar zai koya tun da wuri: a ɗakin tuƙi, kunya tana iya kisa.

Jirage marasa matuƙi fa?

Mutanen Agadas da Yamai sun saba ganin jiragen soja marasa matuƙi, a Ruwanda da Gana kuma ƙananan irinsu suna kai jini da magani asibitocin karkara tun 2016 da 2019. A ƙasar Sin, a 2023, hukuma ta amince da wani ɗan jirgi mai kujera biyu na kamfanin EHang da ke tashi babu matuƙi a ciki. To me zai hana babban jirgi?

Bambancin yana ga ma'aunin da ake amfani da shi. Babban jirgin soja marar matuƙi yana da matuƙa, a ƙasa suke zaune, kuma idan ya faɗi kuɗi aka yi asara. A jirgin fasinja kuwa, ƙa'idar ƙira ta ce duk wata lalacewar da za ta iya hallaka jirgi kada yiwuwarta ta wuce sau ɗaya cikin awa biliyan ɗaya na tafiya. Manhaja ta gargajiya ana iya bin ta layi-layi a tabbatar da abin da za ta yi. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ke koyo daga misalai, ba a iya bin ta haka, kuma har yanzu hukumomi suna neman hanyar da za su tantance ta.

Matuƙin da ke ƙasa ma yana da rauni: ya dogara da sadarwa, sadarwa kuma tana yankewa, ana kuma iya yi mata kutse. A ƴan shekarun nan jiragen da ke ratsa Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai suna yawan fuskantar toshe siginar GPS, ko aiko musu da ta bogi da ke nuna jirgi yana inda ba ya nan. A irin wannan hali matuƙa ne ke lura cewa allo ya saɓa wa hankali, su koma ga wasu hanyoyin gane wuri.

Inda abin ya shafi Nijar

Tsarin matuƙi ɗaya, ko da an amince da shi wata rana, an gina shi ne a kan zaton cewa ƙasa a shirye take: radar ko'ina, sadarwa marar yankewa, filayen sauka kusa-kusa masu cikakkun kayan aiki. Sararin Sahel ba haka yake ba. Jirgin da ya bar Agadas ya nufi arewa zai yi ɗaruruwan kilomita a kan hamada babu filin da zai iya sauka. Da hunturu ƙurar hazo tana rufe gari har a kasa ganin titin jirgi. Da damina hadari yana jeruwa kamar bango, ya yi tsayin da jirgi ba ya iya haurewa. Ga kuma rikice-rikice: yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa an rufe sararin ƙasar, jiragen da suka saba ratsa ta zuwa Saudiyya da Habasha suka koma zagaye. Duk waɗannan yanayi ne da ke buƙatar shawarar mutum.

Akwai kuma batun shekarun jirage. Jirgin fasinja yakan yi shekara 20 zuwa 30 yana aiki, kamfanonin Afirka da dama kuma na hannu suke saye ko haya. Airbus kaɗai yana da odar jirage sama da 8,000 da bai riga ya miƙa ba, dukansu da kujerun matuƙa biyu. Ke nan jiragen da za su riƙa sauka Yamai a shekarun 2040, yawancinsu yanzu ake ƙera su, ko ma sun riga sun fara tashi.

Saboda haka abin da ya fi kusa da fasinjan Nijar shi ne ingancin mutanen da ke aikin da kayan da ke ƙasa. Alƙaluman IATA sun nuna cewa, idan aka auna da yawan tashi, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan haɗurra a 2024, alhali kasonta a zirga-zirgar duniya kusan kashi 2 cikin 100 ne. Gyaran wannan yana hannun hukumomin sa ido irin su ANAC a Nijar, da makanikai, da masu hasashen yanayi, da masu ba jirage hanya. A nan ƙasar tana da abin tinƙaho: hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 take kula da sararin ƙasashen Afirka da dama daga hedkwatarta a Dakar, tana da ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta a Yamai. A Yamai ɗin ne kuma makarantarta ta EAMAC take, inda tun shekarun 1960 ake horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urori daga ƙasashen nahiyar.

Horon matuƙa kuwa sai an fita waje. Akwai kwalejin Zariya a Najeriya, wadda aka kafa a 1964, akwai makarantar Ethiopian Airlines a Addis Ababa, akwai na Maroko da Tunisiya da Afirka ta Kudu da Turai. Kuɗin ba kaɗan ba ne: a Turai cikakken horo yakan ci daga euro 60,000 zuwa 100,000, wato wajen miliyan 40 zuwa 65 na sefa. Kafin mutum ya cancanci zama kwamanda sai ya tara awa 1,500 a sama. Dole ya iya Turancin Ingilishi zuwa matakin da OACI ta gindaya, abin da ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci ya kamata ya sa a gaba tun kafin BAC. Bayan samun aiki ma jarrabawa ba ta ƙarewa: ana duba lafiyarsa a kai a kai, kuma kusan duk wata shida sai ya shiga na'urar kwaikwayon jirgi a jefa shi cikin gobara da mutuwar inji a ga yadda zai yi.

Tun bayan rushewar Air Afrique a 2002, kamfanin da Nijar ke cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, yankin ya rasa babbar hanyar da matasansa ke bi su shiga sana'ar. Kamfanoni irin su ASKY na Lome da Air Côte d'Ivoire sun cike wani gurbi, Tarayyar Afirka kuma ta ƙaddamar da shirin kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya a 2018. Idan zirga-zirga ta ƙaru kamar yadda ake hasashe, ƙasar da ba ta horar da ƴaƴanta ba za ta ci gaba da ɗauko matuƙa daga waje da tsada.

Abin da za a sa wa ido

Sauyin da ke tafe zai zo ne sannu a hankali. Za a ƙara wa jirage na'urorin da ke lura da idon matuƙi da numfashinsa, da masu saukar da jirgi da kansu a halin gaggawa, da masu taimakawa wajen zaɓar hanya da rage shan mai. Idan za a gwada matuƙi ɗaya a babban jirgi, masana da dama na ganin da jiragen dakon kaya za a fara. Kuma ko Turai ta amince, sai OACI ta sauya ƙa'idojinta, sai kowace ƙasa ta yarda irin wannan jirgi ya ratsa sararinta, sai kamfanonin inshora sun karɓa, sai kuma fasinja sun yarda su sayi tikiti.

Shi kuwa matuƙin gobe, aikinsa zai ƙara karkata ga fahimtar abin da kwamfuta ke yi da dalilin da ya sa take yin sa, da gane lokacin da ta kauce. Bayan haɗarin Air France, hukumomi sun tilasta horo kan yadda ake ceto jirgin da ya rasa gudu a sama, suka kuma shawarci kamfanoni su bar matuƙa su riƙa tuƙi da hannu idan yanayi ya ba da dama, don kada hannu ya mutu. Sana'ar da ake cewa na'ura za ta shafe, ga shi ana ƙara mata darussa. Ga iyayen da ɗansu ko ƴarsu ke son wannan hanya, babbar tambayar da ke gabansu a yau ita ce ta kuɗin makaranta da gurbin horo, domin kujerar dama ta ɗakin tuƙi tana nan, kuma ana neman masu zama a kanta.